Rigar sulke, oba-oba da jakar agaji: ta yaya za mu tantance kaya kafin mu biya?

Sakataren Kwamiti ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. An kafa kwamitin da zai sayo kayan aiki ga wata rundunar sintiri da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan sanda a ƙananan hukumomi uku na karkara. Jami'ai 120 ne, da motoci a-kori-kura 6 da babura 30. Aikinsu rakiyar matafiya ne da sintirin hanya, da kai ɗauki ƙauyuka idan an kawo hari, har da kwaso waɗanda suka ji rauni.

Abu uku ne a gabanmu: rigar sulke da hular kwano, rediyon oba-oba, da jakar agajin gaggawa. 'Yan kwangila huɗu sun kawo tayi. A ɓangaren sulke, ɗaya ya rubuta mataki na IIIA, ɗaya III+, biyu kuma IV, farashin kuwa ya yi hannun riga da juna. A ɓangaren rediyo, wani ya ce nasa na kai kilomita 50, wani ya ce a bar wahalar eriya a sayi mai amfani da layin waya, wanda ke kai ko'ina a ƙasar nan. Jakar agajin kuma kowa hoto kawai ya liƙa.

Kowannensu ya haɗo takardar shaida mai tambari. Ta yaya za mu gane ta gaske? Wane mataki ya dace da mu? Wane gwaji za mu iya yi da kanmu kafin a saki kuɗi? Kasafin ba shi da yawa, kuma ba za a sake ba mu wani nan kusa ba.

Tsohon Mai Sito ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Ku ajiye takardun 'yan kwangilar tukuna, ku zauna da kwamandojin da ke fita, ku rubuta amsar tambaya ɗaya: da me ake harbin yaranku? A hanyoyin karkarar Arewa amsar AK-47 ce, mai harsashi 7.62×39 da ke fita daga bakin bindiga da gudun kusan mita 715 a sakan. Da wannan amsar kaɗai tayin IIIA ya faɗi.

Matakan nan sun fito ne daga ma'aunin NIJ, wata cibiya ta Ma'aikatar Shari'ar Amurka. A ma'auninta mai lamba 0101.06 na 2008, matakan IIA da II da IIIA duk sulke ne mai laushi, na zaren aramid irin su Kevlar, kuma harsashin ƙaramar bindiga aka yi su don tarewa. Mafi ƙarfinsu, IIIA, da .44 Magnum ake gwada shi. Harsashin AK zai ratsa shi gaba da baya. Sai an kai mataki na III da IV ake maganar doguwar bindiga, su kuwa faranti ne mai tauri da ake zurawa a aljihun rigar. Ana gwada III da harbi shida na 7.62×51, IV kuma da harsashin .30-06 mai huda sulke, amma harbi ɗaya ma'aunin ya wajabta. Kenan IV ya fi tsayar da harsashi mai ƙarfi, sai dai lambar ba ta yi muku alkawarin zai jure harbi da yawa ba.

Shi kuwa III+ babu shi a NIJ. Kamfanoni ne suka ƙirƙiro shi don su ce nasu ya ɗara III, kuma kowane kamfani da abin da yake nufi. Yana iya zama mai kyau, yana iya zama fanko. Ku ce wa mai shi ya kawo rahoton ɗakin gwaji da ya ambaci harsashin da aka harba, gudunsa, da yawan harbin. Akwai dalilin wannan: tsohon gwajin III bai ƙunshi harsashin AK mai ƙarfe a ciki ba, wanda shi ne ke yawo a hannun 'yan bindiga. Sabon ma'auni, 0101.07, da ya fito a ƙarshen 2023, ya gyara wannan ya kuma sauya sunaye: HG1 da HG2 na ƙaramar bindiga, RF1 da RF2 da RF3 na doguwa. RF1 ya haɗa da 7.62×39 mai ƙarfe a ciki, RF2 ya ƙara da harsashin 5.56 mai koren kai, RF3 shi ne tsohon IV. Don haka a takardar buƙatunku ku rubuta harsashin da sunansa, kada ku tsaya ga lambar mataki.

Batun takardar shaida: tambari ba hujja ba ne. NIJ na da jerin sulken da ta amince da su a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa. Ku ɗauki sunan kamfani da lambar samfurin da ke liƙe a bayan farantin kansa, ku nema a jerin. Lambar ta yi daidai harafi da harafi. Wayon da aka fi yi shi ne a rubuta cewa an gwada kayan bisa ma'aunin NIJ, wanda ba ɗaya yake da NIJ ta amince da shi ba, ko a kawo shaidar wani samfuri a kawo muku wani. Ku kuma duba ko farantin mai tsayawa da kansa ne ko sai an haɗa shi da sulke mai laushi a bayansa. Na biyun ana rubuta masa ICW. Ya fi sauƙin kuɗi da nauyi, amma in aka zura shi a riga zalla ba zai kai matakin da aka rubuta masa ba.

Faranti iri uku za ku gani. Na ƙarfe ya fi araha, yana jure jifa da faɗuwa, amma kowane ɗaya kan kai kilo 3 zuwa 4, kuma idan harsashi ya daki fuskarsa yakan tarwatse, ɓarɓashin ya bi saman farantin ya shiga wuya da haɓa da cinya. Ni ban ba da shawararsa. Na tangaran yana farfasa harsashin ne ta hanyar fashewa shi ma, mataki na IV kan yi kusan kilo 3 ko fiye, kuma yana iya tsagewa ta ciki idan aka jefa shi bayan mota ba tare da an gani ba. Na roba mai ƙarfi, wato foliyetilin, kan tsaya kusan kilo ɗaya da rabi, ba ya jin ruwa, amma ya fi tsada, ba ya son zafi mai tsanani, kuma shi kaɗai ba ya tare 5.56 mai koren kai.

Ku yi lissafin nauyin da gaske. Faranti biyu na IV da rigar da ke ɗauke da su sun kai kilo 7 zuwa 8, ga bindiga, ga harsasai, ga ruwa. A watan Afrilu, a kan babur, jami'i zai cire shi bayan awa biyu ya ɗaure a kariya. Ga masu babur ina ganin RF1 ko RF2 mai sauƙin nauyi ya fi, IV kuma a sayi kaɗan don masu tsayuwa a shinge da masu zama a bayan mota. Kuma a gaya wa kowa gaskiya: babu rigar da ke tare harsashin babbar bindiga mai milimita 12.7, ita ma hular kwano galibi a IIIA take tsayawa, tana kare kai daga ɓarɓashi da ƙaramar bindiga da faɗuwa, ba daga AK kai tsaye ba.

Girma ma abin lura ne. Farantin da aka fi sayarwa santimita 25 ne da 30, amma mutane ba girmansu ɗaya ba. Samansa ya tsaya a ramin da ke ƙasan maƙogwaro, ƙasansa ya tsaya 'yan yatsu sama da cibiya. Idan ya sauko ya rufe ciki, to ya bar manyan jijiyoyin saman zuciya a buɗe. Ku auna ƙirjin jami'an kafin ku rubuta adadi, mata kuma a nema musu wanda aka yanka don jikinsu.

Sai ranar ƙira. Garantin sulke mai laushi galibi shekara 5 ne. Ku rubuta cewa ba za ku karɓi wanda ya wuce wata 6 zuwa 12 da ƙira ba. Zafi da danshi na cin zaren a hankali. Abin da ya faru da zaren Zylon a Amurka kenan: a 2003 harsashi ya ratsa rigunan 'yan sanda da ya kamata su tare shi, bincike ya nuna zaren na raunana da danshi da haske, NIJ ta janye amincewarta da shi a 2005. Daga nan aka ƙara gwajin tsufa, inda ake juya sulke mai laushi a injin kwana 10 a zafin digiri 65 da danshi kashi 80 kafin a harbe shi. Motar da aka rufe a rana a Sakkwato ko Gusau cikinta kan haura digiri 60, don haka kada sulke ya yini a cikinta. A sito a shimfiɗa shi kwance, ba a ninke ba, a wanke rigar waje kaɗai, zaren ciki a goge da ɗanyen tsumma.

Injiniyan Oba-Oba ya rubuta:

Yallabai ya gama da sulke, bari in taɓa rediyo. Malam Sakatare, wanda ya ce oba-obansa na hannu na kai kilomita 50 ku tambaye shi daga ina zuwa ina. Igiyar VHF da UHF, wato zangunan da oba-oba ke aiki a kansu, a miƙe take tafiya, duniya kuwa a lanƙwashe take. Lissafin mai sauƙi ne: ku ɗauki tushen murabba'in tsayin kowace eriya a mita, ku haɗa biyun, ku ninka da 4.1, ku sami kilomita. Mutum biyu a tsaye, kowa da rediyo a tsayin mita ɗaya da rabi, kusan kilomita 10 kenan a fili fetal ba bishiya ba gini. A zahiri 2 zuwa 5 za ku samu. In aka ɗora rifita, wato na'urar da ke karɓar magana ta sake watsa ta, a kan turke mai mita 30, lissafin ya kai kusan kilomita 27 tsakaninta da mai rediyon hannu. Tsayi ne ke ba da nisa, ba ƙarfin wat ba. Ninka ƙarfin rediyon hannu daga wat 5 zuwa 10 zai cinye batir ne kawai, nisan da zai ƙara kaɗan ne.

Saboda haka abin da za ku saya tsari ne, ba rediyo ɗai-ɗai ba: na hannu mai wat 5, na mota mai wat 25 zuwa 50 da eriya a kan rufi, da rifita ɗaya ko biyu a wuri mai tudu. Ga karkara da daji VHF ya fi, tsakanin megahaz 136 da 174, domin ya fi bin tudu da kwari da ratsa itatuwa. UHF, 400 zuwa 470, ya fi amfani cikin gari tsakanin gine-gine. Amma kafin ku yanke, ku tambayi 'yan sandan da kuke aiki tare wane zango da wane tsari suke kai. In ku kuna VHF su suna UHF, ko ku dijital su analog, ranar da aka kawo hari da wayar salula za ku riƙa kiran juna.

Mai amfani da layin waya yana da kyau a inda sabis yake, sautinsa tas, nisa ba iyaka. To amma ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda aikin tsaro. Irin wannan rediyon duk ya mutu a ranar. Ko ba a rufe ba, ƙauyukan da kuke kai wa ɗauki su ne waɗanda turakunsu suka fi lalacewa. Ku saya wa manyan jami'ai 'yan kaɗan a matsayin ƙari, kada ya zama ginshiƙi.

Ina ba da shawarar DMR. Dijital ne, tasha ɗaya mai faɗin kilohaz 12.5 tana ɗaukar magana biyu a lokaci guda, kenan rifita ɗaya ta yi aikin biyu, batir ma ya fi daɗewa. Kowane rediyo na da lambarsa, in an sace ko an ƙwace ana iya kashe shi daga ofis. Ku nemi mai kulle magana da AES-256, ku kuma tabbatar an haɗa kuɗin lasisin kullewar a cikin tayin, domin kamfanoni da yawa daban suke sayar da shi. Ƙananan oba-oba masu araha irin su Baofeng UV-5R da suka cika kasuwa analog ne, ba kulle, duk wanda ya sayi irinsa ya juya zango zai saurare ku. Lambobin sirri da ake cewa suna da su ba sa ɓoye magana, tace abin da kai kake ji kawai suke yi.

A jikin rediyon ku nemi IP67. Lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 7 kuma yana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. IP54 ba zai kai ƙarshen hunturu biyu da lafiya ba. Gwajin ba wuya: ku tsoma samfurin a bokiti a gaban mai kayan, in ya ƙi yarda kun sami amsa. Awannin batir da ake rubutawa a kwali an auna su ne a kan kashi 5 magana, kashi 5 sauraro, kashi 90 shiru. Ranar aiki mai zafi ba haka take ba. Kowane rediyo ya zo da batir biyu, da caja mai ɗaukar shida a ofis, da ta mota. Batirin litiyam na fara sanyi bayan caji 300 zuwa 500, zafi kuma na gaggauta shi, don haka kuɗin sauya batir bayan shekara biyu ya shiga kasafi tun yanzu.

Inda aka fi yin asara a ɓoye shi ne wayar eriya da ke hawa turke. Siririyar RG-58 mai tsawon mita 30 na cinye kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin a VHF, a UHF kuwa kusan kashi tara cikin goma. LMR-400 a tsawo ɗaya kusan kashi uku cikin goma take ci a VHF. Ɗan kwangila zai kawo rifita mai suna ya haɗa ta da waya mai araha, ku yi ta zargin na'ura. Ku rubuta sunan wayar a takarda, da maganin tsawa da sandar da aka binne a ƙasa, da sola da batirin da zai riƙe rifitar aƙalla kwana biyu ba rana. A naɗe mahaɗan wayar da tef mai hana ruwa, in ba haka ba damina ɗaya ta isa.

Gwajin ƙarshe: ku zaɓi wurare 20 zuwa 30 a taswira, har da kwari da gadoji da ƙauyukan da aka fi kai wa hari, ku bi su da mota, a kowane wuri a kira ofis a rubuta ko an ji sarai, ko da ƙyar, ko ba a ji ba. Ku sa a kwangila cewa sai kashi 90 na wuraren sun ji sarai za a biya kason ƙarshe. Kada ku manta da izinin zango daga hukumomin sadarwa na tarayya, da shaidar cewa hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da irin na'urar. Manhajar saita rediyon da wayarta da lambar sirrinta su zauna a hannunku, ba a hannun ɗan kwangila ba.

Sakataren Kwamiti ya rubuta:

Allah Ya saka da alheri Yallabai, Injiniya na gode. Yallabai, wasu a kwamitin na cewa a ɗauki faranti ɗaya a kai fili a harba, in ya tare shi ke nan. Ya isa? Jakar agajin kuma har yanzu muna jiran masana.

Hajiya Nas ta rubuta:

Malam Sakatare, jakar da ake nuna muku a hoto, mai filasta da aidin da maganin ciwon kai, ta ofis ce. Raunin harsashi a cinya da ya taɓa babbar jijiya na iya kashe mutum cikin minti 3 zuwa 5, kuma sulken da kuke saye ba ya rufe hannu da ƙafa. Kenan kowane jami'i na buƙatar ƙaramar jaka a jikinsa, a wuri ɗaya ga kowa, inda hannunsa na dama da na hagu duk za su kai, domin da jakar wanda ya ji rauni ake yi masa aiki, ba da ta mai taimako ba.

Abin da zai shiga ciki bai da yawa: maɗaurin tsayar da jini ɗaya, biyu in hali ya yi, bandejin cusawa cikin rauni, bandeji mai matsewa, manne biyu na rufe ramin ƙirji masu ƙofar fitar iska, safar hannu, almakashi mai yanka kaki, bargon leda mai ƙyalli, da alƙalamin maka. Manne biyu ne saboda harsashi na shiga ya fita. Bargon kuma kada a raina shi don garinmu da zafi. Wanda ya zubar da jini jikinsa na yin sanyi ko da rana tsaka, jini mai sanyi kuwa ba ya daskarewa da kyau.

Maɗaurin shi ne inda jabu ya fi yawa. Nau'o'in da likitocin fagen daga na Amurka suka amince da su sun haɗa da CAT da SOFTT-W, kuma CAT ɗin ne aka fi kwaikwaya. Na jabu kamarsu ɗaya a ido, sai an murɗa sandarsa ta lanƙwashe ko ta karye, ko ɗinkin ya ɓalle, ko mannen ya zame. Wanda bai matse sosai ba ya fi rashinsa haɗari, domin yana toshe jijiyar da ke mayar da jini ya bar mai kawo shi, zubar ta ƙaru. Ku nemi takardar da ke nuna mai kayan dillali ne na kamfanin, da lambar rukunin ƙira a jikin kowanne, da rajistar NAFDAC inda ta shafa. Sannan ku zaro goma daga kwalaye daban-daban, ma'aikacin lafiya ya ɗaura a cinyar mutum mai jiki, ya murɗa har bugun jini a ƙafa ya ɗauke, ya sassauta nan take. Cinya ce gwaji, hannu kowanne na iya yi. In ɗaya ya karye a mayar da rukunin duka. Waɗanda aka gwada kuma a ware su na koyarwa, kada su koma jaka. Faɗin madaurin ya kai kusan santimita 4. Siririn roba na ɗibar jini a asibiti ba shi ba ne.

Bandejin cusawa akwai mai maganin daskarar da jini, irin su QuikClot da Celox, akwai zalla. Mai maganin ya fi, yana da tsada kuma yana da ranar lalacewa. In kuɗi ya gaza, zalla ma na aiki idan an cusa shi har ƙasan raunin an danne da ƙarfi. Mai maganin minti 3 ake dannewa, zalla ya fi haka. A hammata da matsematsi da gefen wuya, inda maɗauri ba ya kamawa, shi ne kaɗai abin yi. Mannen ƙirji kuma ku gwada shi a fatar da ta yi gumi, ku kuma bar ɗaya a mota mako guda ku ga ko gam ɗin ya narke.

Kowace mota ta sami babbar jaka da makarar zane mai ninkewa ta ɗaukar wanda ya ji rauni. Amma ku ware kuɗin horo a cikin wannan kasafin. Jami'i ya iya ɗaura wa kansa da hannu ɗaya cikin ƙasa da minti ɗaya, santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, ya rubuta lokacin, kada ya kwance har a kai asibiti. A maimaita duk wata 6, domin hannu na mantuwa. Ina kuma goyon bayan Yallabai kan nauyi: sulke mai kilo 8 a zafin digiri 40 na kayar da mutum ba tare da an harbe shi ba. Ku haɗa da gorar ruwa ta goyo da ƙunshin gishiri da sukari.

Mai Binciken Kuɗi ya rubuta:

Ranka ya daɗe Sakatare, duk abin da aka faɗa a sama sai ya shiga takarda kafin ya zama hujja. Abin da ba ku rubuta a takardar neman tayi ba, ba za ku iya ƙin kaya saboda shi ba. In takardarku ta farko cewa kawai ta yi rigar sulke guda 120, gara ku soke ku sake fitar da ita da cikakken bayani, domin tayin huɗun nan ba abu ɗaya suke sayarwa ba, ba a kuma kwatanta farashinsu. Dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya ta 2007 ba ta ce a ba mafi araha ba, cewa ta yi mafi araha daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Jihohi na da nasu dokokin a kan wannan turba, ku duba taku. Ku raba tayi gida biyu, na fasaha da na kuɗi, kada a buɗe na kuɗi sai ga wanda ya tsallake na fasaha. Ku kuma raba kwangilar uku. Wanda ya san rediyo ba lallai ya san maɗaurin jini ba.

Sulke da hular kwano da wasu kayan sadarwa na tsaro ba sa shigowa Najeriya sai da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ba ita, kwastan za su riƙe kayan a tasha. Wanda ya ce yana da su a ajiye, ku nemi ganin takardar da ya shigo da su. Ana ƙera sulke a cikin gida ma, DICON, masana'antar kayan tsaro ta gwamnati da ke Kaduna, na daga ciki. Ku nemi tayinsu, ku ɗora su a kan sikeli ɗaya da na waje.

Kowane mai tayi ya kawo samfuri. Ku cire tambarin kamfani ku sa lamba, ku ba jami'ai 10 zuwa 12 masu girma daban-daban su yi aiki da su mako biyu: hawa babur, shiga mota da fita, kwanciya da bindiga, gudu, sallah. Kowa ya ba da maki a takarda shi kaɗai, ba a gaban oga ba. Samfurin da ya ci a sa masa hannu a kulle, shi za a gwama da kayan da za a kawo. A nan ake yawan sauya kaya: samfuri na ƙwarai, kwantena na wani abu.

Kuɗin somin aiki kada ya fita sai da lamunin banki. Kaso mafi girma ya jira gwajin karɓa, a kuma riƙe wani abu har wata 6. Ku lissafa kuɗin shekara 5, ba na ranar saye ba: batir, eriyar da ke karyewa, rigar waje da ke yagewa, kayan agajin da ke lalacewa, mai gyara. Arha ba ta ado. Ku ƙara kashi 10 a kan adadi don maye gurbi. Kowane faranti da rediyo a rubuta lambarsa da sunan wanda ya karɓa, a ƙirga duk wata uku, domin sulken da ya ɓace ba ku san jikin wa zai koma ba.

Tsohon Mai Sito ya rubuta:

Malam Sakatare, harbin fili na kama jabu, amma ba ya maye gurbin ɗakin gwaji, kuma faranti ɗayan da ɗan kwangila ya miƙo da hannunsa ba gwaji ba ne. Ku zaro da kanku daga kayan da aka kawo, aƙalla uku daga kwalaye daban-daban, kuɗinsu a wuyan mai kaya. Masu kula da makamai na 'yan sanda ko soja su yi harbin a filinsu, daga mita 15, da harsashin AK irin wanda ake kamawa a daji. A ɗaure farantin a kan yumɓu mai kauri wanda bai bushe ba, kada a jingina shi da bango ko a rataye shi yana lilo, duka biyun na ɓata sakamako. Tsakanin harbi da harbi, da tsakanin harbi da gefe, a bar santimita 5.

Tare harsashi rabin magana ne. A ciro farantin a auna zurfin ramin da ya bari a yumɓun. Iyakar NIJ milimita 44 ce. Yumɓunku ba irin nasu ba ne, don haka lambar ba za ta zo daidai ba, amma in na wani kamfani ya ninka na wani zurfi kun ga wanda zai karya haƙarƙari. Ɗaya daga cikin ukun a jiƙa shi minti 30 kafin harbi, ɗaya kuma a sake shi ya faɗi ta fuskarsa daga tsayin ƙirji. Na tangaran da suka rage a ƙwanƙwasa kowanne, a girgiza shi kusa da kunne. Mai ƙarar yashi ko mai taushi a wani gefe a ware shi, in da asibiti mai hoton ƙashi kusa a ɗauka a gani. A maimaita wannan dubawar duk shekara, da duk lokacin da babur ya kayar da mai shi.